GARIN NEMAN GIRA KADA A RASA IDO

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2023, wajen wani taron wayar da kai da aka shirya wa 'yan jarida a birnin Kano, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, a ƙarƙashin shugabancin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana cewa shafe-shafen canza launin fata, wanda jama'a suka fi sani da bilicin, ya kai matsayin da tilas a ɗauke shi a kan matsalar lafiya ta gaggawa a duk faɗin Nijeriya. Jaridu sun buga, gidajen rediyo sun watsa, masu faɗa a ji sun yaba. Abin tambaya a yau shi ne, shin wannan gargaɗi ya bi hanyar da kayan da kansu suke bi, ya fita daga ɗakin taro ya isa inda ake saye da sayarwa, ko kuwa a birni ya tsaya?

Ƙaramar Hukumar Zango ta isa misali. Tana cikin ƙananan hukumomi biyar da suka haɗu suka yi Masarautar Daura, tare da Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu. Tana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 150,000, galibinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Duk wanda ya san harkar fatauci a wannan yanki ya san cewa abin da ya cika rumfunan Kano ba ya daɗewa bai iso Daura ba, daga nan kuma 'yan koli da 'yan tebur su kwashe shi zuwa kasuwannin ƙauye ranar da suke ci. Da haka sabulu da turare da atamfa suke isowa, da haka kuma kayan shafe-shafe suke isowa. Kwalbar tana isowa lafiya lau, amma jami'in da zai duba abin da ke cikinta ba ya biyo ta.

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne sabon salon da sana'ar ta ɗauka. A da, mai ne ake shafawa wata da watanni ana jiran fata ta yi haske sannu a hankali. Yanzu kuwa akwai wani ruwa ko mai da ake sayarwa a ƙananan kwalabe, wani ruwan ɗorawa, wani kore, wanda ake shafawa na 'yan kwanaki kaɗan sai fata ta bushe, ta tsattsage, ta shiga ɗayewa kamar maciji yana saɓa, sabuwa jajir ta bayyana a ƙarƙashi. Ana tallarsa ta wayar hannu, ana aiko shi a mota, ana kuma cusa shi a cikin kayan gyaran jikin amare, domin amaryar da bikinta ya rage mako biyu ba ta da lokacin jiran mai ya yi aiki. Sau da yawa kwalbar ba ta da suna, ba ta da lambar rajista, ba ta da bayanin abin da aka zuba ko ƙarfinsa. Mai sayarwa ba ta san abin da ke ciki ba, mai shafawa ba ta sani ba, balle wadda ake shafa wa.

Ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a jiki sa'ad da aka shafa irin wannan ruwa. Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce. Akwai ta sama, siririya, wadda ba ta da jijiyoyin jini, wadda jiki ke sabunta ta da kansa a cikin kimanin mako huɗu. Akwai ta ƙarƙashinta mai kauri, inda jijiyoyin jini da na jin zafi da tushen gashi da mafarin gumi suke. A gindin ta saman ne ake da ƙwayoyin da ke yin sinadarin launi, wanda likitoci ke kira melanin, shi ne kuma garkuwar da ke tare wa jiki illar hasken rana. Ɗaye fata da sinadari ƙuna ce da aka yi da gangan: a sa asid ya kashe wani sashe na fatar domin jiki ya maye gurbinsa da sabo. Duk hikimar aikin tana wajen sanin zurfin da ƙunar za ta kai, da tsayar da ita kafin ta wuce nan. Idan aka rasa wannan sani, to niyya ce kaɗai ta raba shi da watsa wa mutum ruwan batir.

Likitocin fata sun kasa aikin gida uku. Na farko shi ne na sama-sama, wanda ake yi da asid mai sauƙi, irin su gilaikolik da ake samu a rake, da laktik irin wanda ke cikin nono mai tsami, da salisilik, ɗan'uwan asfirin. Wannan ba ya wuce fatar sama, kuma yakan warke a cikin mako guda. Na biyu matsakaici ne, ana yinsa da wani asid da ake kira TCA mai ƙarfin kimanin kashi 35 cikin 100, yana ratsawa har ya taɓa fata ta biyu, warkewarsa kuwa takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Na uku shi ne mai zurfi, wanda ake yi da finol, sinadarin da ke bi ta fata ya shiga jini, yana iya rikita bugun zuciya, ya taɓa ƙoda da hanta, shi ya sa ba a yinsa sai inda akwai na'urar lura da zuciya. Har ila yau, ba sunan asid kaɗai ke yanke zurfin ƙunar ba. Ƙarfinsa, da yawan shafawa, da daɗewarsa a jiki, da wurin da aka shafa, duk suna canza sakamako. Asid mai sauƙi ma, idan aka bar shi ya kwana, aka maimaita safe da yamma, aka naɗe jiki da leda, ya tashi daga mai sauƙi.

Adalci ne a faɗi cewa a hannun masu shi wannan aiki magani ne sananne. Tun a ƙarni na 19 likitocin fata a Turai, irin su Ferdinand von Hebra na birnin Biyana da Paul Unna na Jamus, suka yi aiki da waɗannan sinadarai, har Unna ya yi bayanin wasu daga cikinsu a 1882. Har gobe likitoci suna amfani da shi wajen maganin ƙurajen fuska da tabon da suke bari, da baƙin tabon nan da kan fito wa mata a kumatu lokacin goyon ciki. Amma likita ba ya fara shafawa sai ya duba irin fatar, ya tambaya ko mutum yana da jikin da tabo ke kumbura ya yi tudu, ko mace tana da juna biyu, ko akwai wani maganin da ake sha ko ake shafawa. Yakan gwada a ɗan ƙaramin wuri, ya auna lokaci da agogo, ya ajiye abin da zai kashe kaifin asid ɗin kusa da shi, sa'an nan ya yi aikin a iyakantaccen wuri kamar fuska. Babu likitan kirki da zai ɗaye fatar mutum tun daga goshi har idon sawu, kuma babu wanda zai yi alkawarin mayar da baƙa fara. Hasken da ake gani bayan ɗayewa na ɗanyar fata ne wadda ba ta riga ta tara launinta ba, da zarar ta nuna kuwa launin zai komo. Inda ba ya komowa shi ne inda ƙunar ta yi zurfin da ta kashe ƙwayoyin launin gaba ɗaya, ta bar farin dabbare-dabbare irin na ƙunar wuta, wanda mutum zai zauna da shi iyakar ransa.

Akwai kuma babban abin da masu talla ba sa faɗa. Baƙar fata tana da wani hali: duk inda aka ji mata ciwo sai ƙwayoyin launi su ƙara himma, wurin ya warke ya fi sauran jiki duhu. Kowa ya ga yadda ƙurji ko cizon sauro da aka sosa ke barin baƙin tabo na watanni. A ma'aunin nau'o'in fata da likita Thomas Fitzpatrick na Amurka ya faro a 1975, wanda ya kai rukuni shida, yawancin mutanen ƙasar nan suna rukuni na biyar da na shida, watau waɗanda suka fi kowa haɗarin wannan baƙin tabo, waɗanda kuma likitoci ke guje wa yi musu ɗayewa mai zurfi. Daɗin daɗawa, sharaɗi ne cewa fatar da aka ɗaye ta nisanci rana har tsawon makonni. To a ƙasar Daura, inda zafin bazara kan kai awo 40 ko ya wuce a watan Afrilu, inda hunturu ke busar da fata har ta tsage, inda mace ke zuwa rijiya da gona da kasuwa ta kuma wuni gaban murhu, wa zai iya cika wannan sharaɗi? Sai biki ya wuce da wata ɗaya ko biyu a ga kumatu sun yi ja, gefen ido ya yi duhu, gaɓoɓin yatsu da gwiwoyi sun yi baƙi ƙirin. Daga nan sai a koma wurin mai kwalbar a nemi wanda ya fi ƙarfi. Da haka ciwon da kayan suka jawo yake zama dalilin sake sayensu.

Ko a ƙasashen da likitocin fata suke birjik, hukumomi sun tsorata da wannan abu. A watan Yuli na 2024 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a da kada su sayi kayan ɗaye fata masu ƙarfi su yi amfani da su ba tare da kulawar ƙwararre ba, saboda ƙuna da kumburi da shigar ƙwayoyin cuta da tabo mai ɓata kama. A watan Yuni na shekarar nan ta 2024, a birnin Sao Paulo na ƙasar Barazil, wani saurayi ɗan shekara 27 ya rasu bayan an yi masa ɗayewa da finol a wani gidan kwalliya, kafin watan ya ƙare kuma hukumar lafiyar ƙasar ta dakatar da sayarwa da yin amfani da sinadarin a wannan aiki. Idan har haka ta faru inda ake da rubutu a jikin kwalba da motar asibiti a bakin titi, ina ga ƙauyen da ke da nisa daga babban asibiti?

Ɗayewar kuma ba ita kaɗai take tafiya ba. Bayanta akan biyo da abin da ake kira haɗi, watau mayuka iri-iri da aka cakuɗa a roba ɗaya domin wai a riƙe hasken. Fatar da aka cire wa murfinta kuwa ta fi saurin zuƙe duk abin da aka ɗora mata. Abubuwa uku aka fi samu a cikin irin waɗannan mayuka. Akwai haidurokwinon, wanda ke hana ƙwayoyin fata yin launi, amma in aka daɗe ana shafa shi sai ya juyo ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da wuya wanda yake da wuyar magani. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan ciwo tun a 1975. Akwai sitiroyid, irin su kulobetasol da betametason, waɗanda asalinsu magungunan ciwon fata ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Yawan shafa su yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, ya shiga jini ya tayar da hawan jini da ciwon sukari, ya kuma hana rauni saurin haɗewa, abin da kan zama tashin hankali ranar da mace ta bukaci tiyatar haihuwa. Na uku shi ne zaiba, wadda Turawa ke kira makuri. Ita tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsawa zuwa ga ɗan tayi, tana bin nonon uwa, tana kuma shafar sauran mutanen gida ta hanyar tawul da shimfiɗa.

Abin takaici, abin bai tsaya ga manya ba. A watan Maris na 2025 gidan rediyon BBC ya kawo rahoto daga Kano a kan iyaye mata masu shafa wa 'ya'yansu ƙanana irin waɗannan mayuka, da yadda ake cakuɗa su a fili a cikin kasuwa, da irin ƙunar da suka bari a jikin yaran. Babba dai ana iya cewa shi ya zaɓa wa kansa. Yaron da ke goye fa, wa ya shawarce shi? Fatar jariri ta fi ta babba laushi, jikinsa ƙarami ne, don haka abin da zai ɗauki shekaru kafin ya kayar da uwa yana iya yi wa ɗanta illa a cikin ɗan lokaci.

Idan ɓarna ta auku, kowa ya san wanda ke biya. Likitocin fata 'yan ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma yawancinsu suna asibitocin koyarwa na manyan birane. Wadda ta ƙone a wani ƙauye na Zango sai ta fara zuwa ƙaramin asibiti, a tura ta Daura, in abin ya faskara a ce sai Katsina ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko ma Shika a Zariya. Kuɗin mota da na magani da na jinya sukan ninka kuɗin kwalbar sau da yawa, in kuwa ƙoda ta taɓu har aka kai ga wankinta, to gona da dabbobin gidan ne za su tafi. Kafin a kai ga haka ma, kunya takan sa a ɓoye ciwon a ƙarƙashin mayafi har sai ya ruɓe.

Alƙaluman da aka fi ambata su ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a wata takarda ta 2011 ta ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, ana kwatanta su da kashi 59 a Togo, da 35 a Afirka ta Kudu, da 27 a Sanagal, da 25 a Mali. Ya dace ɗalibai da ma'aikata su san cewa tushen wannan adadi na Nijeriya wani bincike ne da aka yi a tsakanin 'yan kasuwa a Ikko aka buga a 2002. Adadin ya yi amfani wajen farkar da hukuma, amma ba zai gaya wa Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina abin da ke faruwa a Zango ko Baure ba. Wanda zai yaƙi cuta tilas ya ƙirga ta a inda take.

Ba rashin doka ne matsalar ba. A 2019 NAFDAC ta fitar da ƙa'idojin hana sinadaran bilicin a cikin kayan kwalliya. A watan Fabrairu na 2020 Majalisar Dattawa, bisa ƙudurin da Sanata Oluremi Tinubu ta gabatar, ta nemi hukumar ta tsananta sa ido a kan shigo da mayukan da haɗa su da sayar da su. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata a kan zaiba a 2018, a taron da aka yi a Janeba a 2023 kuma ƙasashen yarjejeniyar, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka kawo, suka yanke cewa shekarar 2025 ce wa'adin daina yin duk kayan kwalliyar da aka sa wa zaiba da fataucinsu tsakanin ƙasashe. Ƙasashe irin su Kwaddibuwa a 2015, da Gana a 2016, da Ruwanda a 2018, duk sun ɗauki nasu matakan. Amma dokar da aka tsara domin kamfani mai adireshi da kwali mai lamba ba ta kama haɗin da aka dama a bokiti a bayan shago, ba ta kuma shiga ɗakin da ake yi wa amarya gyaran jiki. Cewa abin ya fi ƙarfin hukuma kuwa ba hujja ba ce. A watan Fabrairu na 2024 NAFDAC da hukumar kula da sana'ar haɗa magunguna sun rufe shagunan magani fiye da 1,000 a Sabon Gari da kewayenta a Kano, domin tilasta wa masu su komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro. Hukumar da ta iya wannan ba za a ce ta kasa bin sawun kwalabe ba.

Za a sami masu cewa jikin mace nata ne, kuma gyaran jiki sana'a ce da ke ciyar da zawarawa da marayu. Duka biyun gaskiya ne, kuma babu mai neman a hana kwalliya. Lalle da dilka da halawa da kurkur da turaren wuta sun daɗe a ɗakin amarya. Amma ba a cewa mutum ya zaɓi abin da aka ɓoye masa. Yarinyar da aka ce mata wannan haɗin gargajiya ne, alhali asid ne a ciki, yaudararta aka yi. Mai sana'ar da ke shafa wa mutane abin da ita kanta ba ta san sunansa ba kuma tana wasa da amanar da ita ce jarinta, ranar da aka ƙona 'yar wani kuwa ita za a kama, wanda ya dama haɗin yana can birni yana ƙirga riba.

Kuma rashin adalci ne a ɗora wa mata laifin duka. Kasuwa ba ta ci sai da masu saye, masu sayen nan kuwa wani ne ya koya musu cewa launin da aka haife su da shi aibi ne. Saurayin da ke cewa shi sai fara, da magidancin da ke yi wa uwargida gori da hasken amarya, da dangin miji masu leƙa fuskar amarya su koma suna zunɗe, da masu shirya fim da ke ɗaukar farare a matsayin taurari, da wayar da ke wanke hoto har mai shi ta kasa gane kanta, duk suna da kamasho. Al'ummar da ke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata ba ta da bakin yin mamaki idan 'ya'yanta suka nemi alkyabbar ta kowace hanya. Maza ma da kansu sun shiga shafe-shafen, abin da ya nuna cewa cutar ta wuce batun neman miji.

Bisa ga haka, wajibi ne kowane ɓangare ya ɗauki nasa kason. Na farko, NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina su bayyana a fili, da Hausa, a rediyo, cewa ɗaye fata da asid mai ƙarfi aikin asibiti ne, kuma duk wanda ya yi wa wani shi ba tare da izinin aikin lafiya ba ya ɗauki alhakin abin da ya biyo baya. Su riƙa sayen samfuri daga kasuwannin mako-mako suna aunawa, su kuma sanar da jama'a sakamakon, su bi sawun kayan har zuwa wurin dillalan da ke damawa, maimakon a tsaya ana ƙwace tiren mai talla.

Na biyu, ƙananan hukumomin masarautar su farfaɗo da aikin duba-gari. A yi rajistar masu gyaran jiki a kowace gunduma, a tara su a koya musu abin da ya halatta su taɓa da abin da ya fi ƙarfinsu, a ba wadda ta kiyaye takardar shaida da za ta liƙa a ƙofarta. Asibitocin Zango da Daura da sauransu su buɗe littafin rubuta duk wanda ya zo da ƙunar sinadari ko illar man shafawa, ba tare da bayyana sunansa ga kowa ba, domin a sami adadi na gaskiya. Masu kemis kuma a tuna musu cewa man sitiroyid mai ƙarfi magani ne, ba a miƙa shi ga duk wanda ya miƙo kuɗi.

Na uku, tun da yake dangi da kasuwa ɗaya ne tsakanin ƙasar Daura da Magariya da Matamaye, jami'an kwastan na Kwangwalam da sauran mashigai su san kamannin waɗannan kaya, a kuma haɗa kai da hukumomin lafiya na Jihar Damagaram, domin abin da aka hana a wannan gefe kada ya zagaya ya shigo ta wancan.

Na huɗu, Majalisar Masarautar Daura tana da abin da babu wata hukuma da ke da shi, watau hanyar da magana ke bi daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, har ta shiga kowane zaure. Idan aka bi da wannan gargaɗi ta nan, limamai suka ɗauke shi a huɗuba da wuraren ɗaurin aure, malaman Islamiyya mata suka kai shi cikin gidaje, zai isa inda takardar hukuma ba ta taɓa zuwa ba. A yi wa maza nasu wa'azin daban.

Na biyar, ɗalibai da ma'aikata su sani cewa su ake kallo. Abin da ɗalibar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura ta komo da shi gida lokacin hutu, shi ƙannenta za su ɗauka a kan wayewa. Abin da malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti ta shafa, shi matan unguwa za su tambayi sunansa. Wanda ya yi karatu ya san aikin asid a ɗakin gwaje-gwaje, bai kamata ya yi shiru yana kallo ana zuba wa ƙanwarsa shi a fuska ba.

Ga waɗanda abin ya riga ya shafa kuwa, ba a makara ba. Wadda ta ji fata tana ƙuna bayan shafawa ta wanke wurin nan take da ruwa mai tsabta mai yawa na tsawon lokaci, kada ta sa man goge baki ko manja ko toka, kada ta ɓamɓare ɓawon da hannu, ta rufe wurin daga rana, ta nufi asibiti tare da kwalbar. Wadda ta daɗe tana shafa haɗi, musamman a jiki duka, kada ta yanke shi dare ɗaya, domin jikin da ya saba da sitiroyid yana bukatar a janye masa shi sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Ma'aikatan lafiya kuma su karɓe su da mutunci, domin gori shi ke korar majiyyaci ya koma hannun wanda ya ƙone shi.

Biki kwana bakwai ne in ya daɗe, fata kuwa ita ce rigar da mutum zai zauna a cikinta har ƙarshen ransa. An yi sanarwa a Kano tun 2023. Abin da ya rage shi ne uwar amarya a ƙauyen Zango ta ji ta da kunnenta kafin ta miƙa 'yarta ga mai kwalba. Allah ya ba hukuma ikon sauke nauyin da ke kanta, ya kuma ba iyaye ikon tsare amanar da aka ba su.